Jan Zare a Hubbaren Pir Kolimuddin

Da sunan Mai ruwan daɗi da ruwan gishiri,
Wanda ya rataye zuma a inda damisa ke kwana.

Pir Kolimuddin, ni ce Jobeda,
Matar Sobhan mai ɗibar zuma.
Ka san shi, shi ya mayar maka da rufin kwano
Shekarar da guguwa ta kwashe rabin garinmu.
Ya shiga kurmin Sundarban da layarka a damtse.
Layar ta dawo, da ɓarin zanensa,
Shi kam ko ƙashinsa ban wanke ba.

Shekara bakwai ina zagayawa ta bayan hubbarenka
Don kada sallama ta kuɓuce mini.
Ka sani, na san ka sani.
Yau ga ni ta ƙofar gaba,
Ƙafafuna duk laka,
Da shinkafa da madara a ganyen ayaba.

Motaleb ya tafi.
Jiya da asuba, ruwa na janyewa,
Su bakwai a kwale-kwalen Gofur mai ba da bashi.
Yaron da gemunsa bai kai gashin masara ba.
Na ce zauna, ko shinkafa da gishiri ma ci mu kwanta.
Ya ce Inna, gishirin ya riga mu cin gonar.

Na san ba kai ke kashewa ba,
Ba kuma kai ke rayawa ba,
Liman ya faɗa, na kuma yarda.
Amma bakina ya yi tsatsa da fushi,
Kai kuwa ka tsufa a bakin ƙofar nan
Har Mai gidan ya san tarinka.
In ka ɗaga hannu, ka sa sunan ɗana a tafinka.

Mai neman zuma sama yake kallo,
Yana bin ƙuda ɗaya tsakanin rassa,
Ƙeyarsa a buɗe take, Pir.
Roƙa masa mai tsaron ƙeya.
A ɗaure bakin mai zane a jiki,
A nauyaya cikin kada ya yi barci a taɓo,
Masu bindiga da ke tare mashigi
Hazo ya rufe musu ido har ya wuce.
Yana da tari in dare ya raba,
A rage masa shi, kada kurmi ya ji.

Ga zarena na ɗaura a tagarka,
Kusa da na Aklima maƙwabciyata.
Ba zan taje kaina ba, ba zan shafa mai ba,
Ƙofata ba za ta ga sakata ba
Sai ya tako ta da ƙafarsa.

*

Kwana goma sha tara.
Yara suka sheƙo daga kan madatsa suna ihu.
Na tsaya da tsintsiya a hannu ina ƙirga kawuna,
Na ƙirga, na sake, na kuma sakewa:
Shida.
Na huɗun ya yi tari.

Gwiwoyina suka sauka da kansu.
Ban gama hamdala ba na ji muryar Aklima,
Irin muryar da na sani tun daga cikina.

Pir, ga zumar da na yi alkawari,
Rabi ce, rabin yana gidan Aklima.
Na zo kwance zarena na kasa,
Ruwan sama ya manne shi da nata,
Ban san wanne ne aka amsa ba.

Ɗazu na hango ta da tulu,
Ta bar hanya ta bi ta bayan hubbarenka.
Kada ka riƙe ta a zuciya.
Ni na fitar da turbar nan da sawuna,
Ka bar mata ita a buɗe,
Ka kuma ambace ta, ko ba ta yi sallama ba.